Daɓen Baba

Tsagar ta fara kamar silin gashi,
daga bakin get zuwa gindin zaiti.
Na gan ta, na tsallake.
Shekara uku ina tsallakewa.
A damina ta huɗu ciyawa ta kama haya a ciki,
tururuwa suka buɗe kasuwa,
ɓangaren hagu ya durƙusa
kamar tsohon da gwiwa ta ci amanarsa.
Kowace safiya cikin motata na gurzar kankare,
ƙarar na bi ta haƙorana.

Na kira Chollom, birkila daga Bukuru.
Ya zo Rikkos da hular sanyi, da guntun rodi,
ko kallon tsagar bai yi ba.
Ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa, kunne a karkace:
nan ƙal, nan ƙal,
nan kuwa dum, kamar an bugi tulu.
Ya ce, "Malam, saman ba shi da laifi.
Ƙasan ne ya tafi ya bar shi."

Na ce a liƙe kawai, buhu biyu sun isa.
Ya ce, "In liƙe, in ci kuɗinka,
baɗi ka neme ni da zagi?
Kakana kuza ya haƙa har bayansa ya lanƙwashe.
Ni dai na san ƙasar Jos,
ba ta son a yi mata rufa-rufa."

Ran Talata guduma ta sauka.
Ɗanliti lebura yana jidar ɓaraguzai a baro,
tayar na kuka, shi yana fito.
Ƙarƙashi muka sami saiwar zaiti, kaurin damtse,
da tsatsattsen gwangwanin kifi,
da kogon da akuya za ta kwanta ta juya.
Na ce, ga aikin 'yan kuza nan.
Chollom ya tura hannu, ya fito da shi jiƙe.
Ba kuza ba ce.
Bututunmu ne ya huje,
yana ɗiga a asirce, yana kwashe jar ƙasa cokali-cokali.
Ashe duk wata ni nake biyan kuɗin
ruwan da ke cin gidana.

Da suka iso kusurwar baranda na ce su dakata.
Ga 1987, Baba ya ja da ƙusa,
bakwai ɗin da ɗan sandansa a tsakiya.
Kusa da shi sawu ɗaya, bai kai tafin hannuna ba.
Yelwa ce, tana shekara uku,
ta biyo kaza a guje ta faɗa ɗanyen siminti.
Baba ya daka tsawa har maƙwabta suka leƙo,
amma da magini ya kawo cokali zai shafe
sai ya riƙe masa hannu.

Yelwa tana Fatakwal.
Tun ranar rabon gado
ban ji muryarta ba, ba ta ji tawa ba.
Ita ma kamar silin gashi ta fara.

Chollom bai tambaye ni komai ba.
Ya sassare kewayen a hankali da kurfi,
ya ɗago shi kamar mai ɗauko faranti cike da miya.

An sauya bututu. An datse saiwa.
An zuba marmara, an daka, an jiƙa, an sake dakawa
har ƙasa ta daina amsawa.
Rodi, katako, igiya,
yashi biyu, tsakuwa huɗu, siminti ɗaya,
kwanon sarki na yawo daga kai zuwa kai.
Tsohon guntun ya koma kusurwarsa,
baƙi-baƙi cikin sabon toka-toka,
ba su dace ba, na ce a bar su.

"Kwana bakwai kana ba shi ruwa,
safe da yamma, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu.
Kada ka hau. Siminti ba ya son gaggawa."

Daren nan na ɗauki hoton sawun na tura.
Waya ta nuna an gani.
Shiru.
Na ba daɓe ruwa. Na sake ba shi.
Ran na biyar ina tsaye da bokiti,
sanyi na cizon yatsuna,
aljihuna ya motsa:

"Yaya, ta hagu ce ko ta dama?"